Lissafin gidan yari: abin da ƙididdiga ke hangowa tun kafin a zartar da doka

Da safiyar Talata, 10 ga Satumban 2024, aka buɗe ƙofofin gidajen yari a faɗin Ingila da Wales, fursunoni kimanin 1,700 suka fito riƙe da kayansu a leda, alhali ranar da aka ɗibar musu tun farko ba ta zo ba. Babu kotun da ta wanke su, babu kuma afuwar da Sarki ya yi musu. Wurin kwana ne ya ƙare. Kwana huɗu kafin wannan rana an ƙirga mutum 88,521 a tsare, adadin da ƙasar ba ta taɓa kaiwa ba, kuma a ƙarshen watan Agusta guraben da suka rage a gidajen yarin maza ba su kai 100 ba. Sabuwar ministar shari'a, Shabana Mahmood, wadda watanta biyu kacal a kan kujera, ta sa aka rage zaman da fursunoni da dama za su yi a ciki, daga rabin wa'adinsu zuwa kashi 40 cikin ɗari. Hujjarta ba ta da wuyar ganewa. Idan gidan yari ya cika maƙil, ɗan sanda ba shi da inda zai kai wanda ya kama, alƙali ma ba shi da inda zai tura wanda ya ɗaure.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne, babu wanda zai ce abin ya zo masa ba zata. Ma'aikatar shari'ar ƙasar tana da masana ƙididdiga da kusan kowace shekara suke fitar da hasashen yawan fursunoni, kowa na iya karantawa a intanet. A Nuwamban 2020, lokacin da fursunoni ba su kai 80,000 ba, sun ce adadin zai iya kaiwa 98,700 nan da Satumban 2026. A Fabrairun 2024 kuma suka ce zuwa Maris ɗin 2028 zai kasance tsakanin 94,600 da 114,800. Gadajen da ake da su kuwa ba su kai 90,000 ba. Duk wanda ya jera waɗannan lambobi a takarda ɗaya ya san inda aka dosa.

To yaya ake yin irin wannan hasashe? Ga wanda bai saba ba, abin kan yi kama da duba, amma tushensa lissafi ne da mai sayar da ruwa a kura ma ya sani. A ɗauki gidan yari a matsayin randa mai famfo a gindi. Yawan ruwan da ke cikinta ya dogara ne da abu biyu: yadda ake zubawa daga sama, da kuma daɗewar da ruwan ke yi kafin ya fita. Idan ana kawo mutum 100 duk wata, kowannensu yana yin wata shida, to a kowane lokaci za a tarar da mutum 600 a ciki. Idan zaman ya koma wata tara, ko da ba a ƙara kama mutum ɗaya a kan na da ba, adadin zai hau zuwa 900. Wani masanin lissafi Ba'amurke, John Little, ya tabbatar da wannan ƙa'ida a 1961 a kan duk wani layin jira, na banki ne ko na asibiti, kuma a kanta ake gina hasashen gidajen yari har gobe.

Wannan ɗan lissafi yana warware wani ruɗani da mutane ke yawan faɗawa. Da zarar an ji gidan yari ya cika, sai a ce laifi ne ya yi yawa. A Ingila ba haka abin ya kasance ba. A 1993 fursunoni ba su wuce 45,000 ba, yanzu sun kusan ninka haka, alhali binciken da gwamnati ke yi gida-gida, tana tambayar mutane ko an yi musu sata ko an kai musu hari, ya nuna irin waɗannan laifuka sun ragu ƙwarai tun tsakiyar shekarun 1990. Daɗewa ce ta ƙaru. Cikin kimanin shekara goma kawai, matsakaicin hukuncin ɗauri ya tashi daga wajen wata 15 zuwa sama da wata 20.

Masu hasashen ba sa kallon fursunoni a dunƙule. Suna rarraba su ne rukuni-rukuni, kowane rukuni da hanyar shigarsa da ta fitarsa. Akwai waɗanda aka yanke wa hukunci, su ma ana raba su bisa nau'in laifi da tsawon ɗauri. Akwai masu jiran shari'a, waɗanda daɗewarsu ta dogara da saurin kotu. Akwai kuma waɗanda aka saki bisa sharaɗi, suka saɓa, aka dawo da su. A farkon shekarun 1990 wannan rukuni na uku 'yan ƙalilan ne, amma zuwa 2024 sun haura 12,000. Masu jiran shari'a kuwa sun tashi daga wajen 10,000 a 2019 zuwa kimanin 17,000 a 2024, saboda shari'o'in da suka taru a manyan kotuna sun tashi daga kusan 38,000 zuwa sama da 70,000, bayan annobar korona da yajin aikin lauyoyi na 2022. Sannan ana bin sarƙar tun daga tushenta: laifi nawa ake kai wa 'yan sanda, nawa daga ciki ake gurfanarwa, nawa kotu ke iya saurare a shekara, nawa ke ƙarewa da ɗauri. Duk inda aka taɓa a wannan sarƙa, sai motsin ya isa ƙofar gidan yari. Lokacin da firayim ministan Birtaniya Boris Johnson ya yi alƙawarin ɗaukar sababbin 'yan sanda 20,000 a 2019, masu lissafin sun san cewa wannan alƙawari na ƙarin fursunoni ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Akwai wani abu a nan da nake ganin shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda idon mutum ba ya iya gani sai da lissafi, wato jinkiri. A Afrilun 2020 an canza doka, aka ce masu manyan laifukan cin zarafi da fyaɗe da aka ɗaure shekara bakwai zuwa sama za su riƙa yin kashi biyu cikin uku na wa'adinsu maimakon rabi, sannan a 2022 aka faɗaɗa wannan ga wasu masu shekara huɗu zuwa bakwai. A ɗauki wanda aka ɗaure shekara tara ranar da dokar ta fara aiki. A tsohon tsari zai fita bayan shekara huɗu da rabi, a sabon kuwa sai ya yi shida. Tsawon shekara huɗu da rabin farko babu abin da zai canza a gidan yarin, domin dama yana ciki. Sai a ranar da ya kamata ya fita bai fita ba ne gadonsa zai ƙi samuwa ga mai shigowa. Ministan da ya kawo dokar ya sha tafi a ranar, amma nauyinta zai faɗo ne a kan wani ministan, wataƙila ma na wata jam'iyyar. Gina sabon gidan yari kuma, daga neman fili da izini zuwa ɗaukar gandirobobi, yakan ci shekaru masu yawa, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya. Ofishin mai binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana a Disamban 2024 cewa daga cikin gurabe 20,000 da aka yi alƙawarin samarwa zuwa tsakiyar shekarun 2020, kimanin 6,500 kawai aka kammala, sauran kuma sai wajen 2031.

Hasashen nan yakan kuskure, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Na 2020 ya zarce abin da aka gani a shekarun da suka biyo baya, domin an gina shi a kan zaton sababbin 'yan sanda za su ƙara yawan gurfanarwa da wuri, kotuna kuma za su rage cunkoso da sauri, duka biyun ba su zo yadda aka zata ba. Babu kuma lissafin da zai hango tarzoma irin ta Agustan 2011 ko ta bazarar 2024 bayan kisan yara mata uku a Southport, inda aka tsare ɗaruruwan mutane cikin 'yan makonni. Shi ya sa masana na kirki ba sa bayar da lamba ɗaya tilo, sukan ce tsakanin kaza da kaza, su kuma rubuta zaton da suka dogara da shi a fili domin mai ja ya san inda zai ja. Ma'anar hasashen ita ce: in aka ci gaba da dokokin yau da halin kotunan yau, ga inda za a tsinci kai. A Ingila ko mafi ƙanƙantar lambar ta fi gadajen da ake da su, don haka kuskuren hasashe ba zai zama uzuri ba. Binciken da Anne Owers, tsohuwar babbar mai sa ido kan gidajen yari, ta fitar a 2025 ya nuna cewa sau uku tsarin yana zuwa gab da durƙushewa tsakanin ƙarshen 2023 da tsakiyar 2024, ana ta ɗage yanke shawara. Tun Oktoban 2023 ma gwamnatin da ta gabata ta fara sakin fursunoni kwana 18 kafin lokaci, a hankali har abin ya kai kwana 70, aka saki fiye da mutum 10,000 ba tare da an yi shela sosai ba.

Akwai wuraren da suka ɗaure kansu da lissafin, ta yadda ɗan siyasa ba zai iya kauda kai ba. Jihar Minesota a Amurka ta kafa hukumar tsara ma'aunin hukunci a 1978, majalisa ta umarce ta da ta yi la'akari da ƙarfin gidajen yarin jihar. Hukumar ta ɗauki wannan umarni da gaske. Ta gina tsarin hasashe a kwamfuta, ta kuma ƙudura cewa ma'aunin da za ta fitar ba zai sa fursunoni su wuce kashi 95 cikin ɗari na guraben da ake da su ba. Duk lokacin da wani mamba ya ce a tsananta hukuncin laifi kaza, sai a saka a lissafi a nuna masa gado nawa hakan zai ci, a tambaye shi wane laifi za a sassauta domin a samu wurin. Da ma'aunin ya fara aiki a 1980, zaɓin da suka yi shi ne a keɓe ɗauri ga masu cutar da jikin mutane, a rage shi ga masu laifin dukiya. Jihar Virginia kuma ta sa a doka cewa ƙudurin da zai ƙara yawan fursunoni sai ya zo da ƙiyasin kuɗinsa, a kuma ware kuɗin.

Labarin Teksas ya fi shahara, domin jiha ce da aka sani da tsanani. A 2007 ofishin kasafin majalisar jihar ya yi hasashen za a buƙaci ƙarin gadaje kimanin 17,000 nan da 2012, abin da zai ci wajen dala biliyan 2. 'Yan majalisa biyu daga jam'iyyu masu adawa da juna, Jerry Madden da John Whitmire, suka nemi a bi diddigin su wane ne ke cika gidajen. Aka tarar da yawa masu shaye-shaye ne da masu taɓin hankali, da waɗanda aka dawo da su don saɓa sharaɗin sakin talala, da kuma waɗanda aka amince a sake su amma suna zaune suna jiran gurbi a shirin gyaran hali. Sai aka zuba dala miliyan 241 a cibiyoyin jinya da sa ido a cikin gari. Gadajen 17,000 ba a gina su ba, a 2011 ma jihar ta rufe wani tsohon gidan yari a Sugar Land. Masana na jayayya kan ko nawa ne rabon wannan shiri a raguwar laifi, tunda a shekarun laifi ya ragu a kusan duk faɗin Amurka, amma babu jayayya cewa hasashen ne ya tilasta aka zauna aka yi tambayar.

Na san akwai mai cewa: ashe adalci zai koma bin yawan gadaje? Wanda ya yi laifi a hukunta shi gwargwadon laifinsa, ko da wuri ko babu. Maganar tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Sai dai ƙin yin lissafi ba ya sa gadaje su yawaita. Abin da yake jawowa shi ne a cusa mutum uku a ɗakin mutum ɗaya, ko a wayi gari a buɗe ƙofa cikin gaggawa a saki wanda bai kamata a sake shi ba. A Kalifoniya an kai fursunoni kusan ninki biyu na abin da gine-ginen za su ɗauka, har kotu ta karɓi shaidar cewa duk kwana shida zuwa bakwai fursuna ɗaya na mutuwa saboda rashin kulawar asibiti da za a iya magancewa. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta wa jihar ta sauko zuwa kashi 137.5 cikin ɗari. Babu alƙalin da ya yanke wa waɗancan mutane hukuncin kisa, cunkoso ne ya kashe su.

Duk abin da na kawo zuwa nan lissafi ne a kan tsari, a kan dubban mutane a haɗe. Akwai wani reshe na wannan ilimi da ke juyowa kan mutum ɗaya da ke tsaye gaban alƙali, a nan ne kuma hankalina ba ya kwanciya. Abin ya daɗe. Tun 1928 Ernest Burgess na Jami'ar Shikago ya bi tarihin fursunoni 3,000 da aka saki bisa sharaɗi a jihar Illinois, ya fitar da abubuwa 21 da ake ba mutum maki a kansu domin a ƙiyasta ko zai koma ruwa. Na zamani sun fi wannan rikitarwa amma tunanin ɗaya ne: a duba mutanen da suka yi kama da kai a baya, a ga nawa ne aka sake kamawa, a ba ka lamba.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne ma'aunin COMPAS na kamfanin Northpointe a Amurka, mai tambayoyi 137. Ba ya tambayar launin fata, amma yana tambayar ko an taɓa ɗaure mahaifinka ko mahaifiyarka, da ko abokanka nawa ke shan ƙwaya. A Mayun 2016 'yan jaridar ProPublica, wata kafar binciken labarai ta Amurka, suka bi sawun mutum fiye da 7,000 da aka kama a gundumar Broward ta Florida a 2013 da 2014. Suka tarar cewa a cikin waɗanda ba a sake kamawa ba cikin shekara biyu, kusan kashi 45 cikin ɗari na baƙar fata an riga an yi musu tambarin masu haɗari, a farar fata kuwa kashi 23 ne. Kamfanin ya mayar da martani cewa ma'auninsa ba ya son kai, domin baƙi da fari da suka sami maki ɗaya, kusan daidai suke wajen yiwuwar sake shiga hannu. Abin mamaki, duka ɓangarorin biyu gaskiya suka faɗa, kuma masana irin su Alexandra Chouldechova da Jon Kleinberg da abokan aikinsa sun tabbatar a lissafi cewa ba za a iya cika sharuɗɗan biyu lokaci guda ba, muddin yawan sake kamawa ya bambanta tsakanin rukunonin.

Bari in ƙago misali da ƙananan lambobi domin abin ya fito fili. A ce ma'auninmu yana aiki iri ɗaya a unguwa biyu: cikin duk mutum 10 da ya ce masu haɗari ne ana sake kama 7, cikin duk 10 da ya ce ba su da haɗari ana sake kama 2. A unguwar farko, cikin mutum 100 ya yi wa 60 tambari. Za a sake kama 42 daga cikinsu, da 8 daga sauran 40, jimilla 50. Waɗanda suka shiryu su 50 ne, amma 18 a cikinsu suna ɗauke da tambarin haɗari, wato kashi 36 cikin ɗari. A unguwa ta biyu mutum 20 kawai ya yi wa tambari. Za a sake kama 14 daga cikinsu, da 16 daga sauran 80, jimilla 30. Waɗanda suka shiryu su 70 ne, 6 kacal ke da tambarin, ƙasa da kashi 9 cikin ɗari. Ma'auni ɗaya, ƙa'ida ɗaya, amma yaron kirki na unguwar farko ya fi na ta biyu shiga haɗarin a hana shi beli har ninki huɗu. Wane irin adalci za a zaɓa a nan, tambaya ce da ta wuce kwamfuta, al'umma ce za ta amsa ta a bainar jama'a.

Sannan akwai matsalar abin da ake ƙirgawa. Alƙaluman nan ba laifi suke aunawa ba kai tsaye, kamu suke aunawa, kamu kuwa yana bin inda 'yan sanda suka fi sintiri. Kristian Lum da William Isaac sun nuna wannan a 2016 da bayanan birnin Oakland: shan ƙwaya ya bazu a ko'ina cikin birnin, amma da aka ciyar da manhajar hasashen wuraren laifi da tarihin kamun 'yan sanda, sai ta riƙa mayar da su unguwannin talakawa da baƙar fata da suka saba zuwa, su sake kamu a can, lissafin ya sake ƙarfafa kansa. Birnin Shikago ya yi watsi da jerin sunayen waɗanda ake zaton za su shiga harbe-harbe a 2019, Los Angeles ma ta daina amfani da PredPol, manhajar hasashen wuraren laifi, a 2020. Wani bincike na Julia Dressel da Hany Farid a 2018 ya nuna cewa tambayoyi 137 na COMPAS suna dacewa ne a kusan kashi 65 cikin ɗari, kuma ana samun kusan haka da abu biyu kawai, shekarun mutum da yawan laifukansa na baya. Duk da haka, lokacin da Eric Loomis, wanda aka ɗaure shekara shida a Wisconsin, ya nemi sanin yadda aka lissafa makinsa na COMPAS, an ce sirrin kasuwanci ne. Kotun ƙolin jihar ta bar hukuncin a 2016, tare da gargaɗin kada maki ya zama shi kaɗai ne abin dogaro. A ganina wannan bai isa ba. Hujjar da mutum ba zai iya gani ya ƙalubalanta ba bai kamata ta shiga zauren kotu ba sam.

Ba na cewa a jefar da irin waɗannan ma'aunai gaba ɗaya, domin alƙali ma ɗan Adam ne, yana da gajiya da son rai, kuma babu mai bin diddigin kuskurensa da alƙaluma. Jihar New Jersey ta kusan kawar da belin kuɗi daga 1 ga Janairun 2017, bayan wani bincike na 2013 ya gano kashi 12 cikin ɗari na waɗanda ke tsare suna ciki ne kawai don ba su iya biyan dala 2,500 ko ƙasa da haka ba. Ta koma amfani da ma'auni mai abubuwa tara da aka wallafa kowa ya gani, ta haɗa da zaman sauraro da lauya, da ƙayyade lokacin gurfanarwa. Masu jiran shari'a sun ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2018. A Kentucky kuwa, inda aka wajabta ma'auni a 2011, Megan Stevenson ta gano sakin ya ɗan ƙaru ne kawai, daga baya alƙalai suka koma gidan jiya. Bambancin wuraren biyu yana cikin dokokin da aka kewaye ma'aunin da su.

Idan muka dawo gida Najeriya, reshen farko ne muke da matuƙar buƙata, kuma shi ne mafi sauƙi. Cikin mutum kimanin 80,000 da ke gidajen gyaran hali, kusan biyu cikin uku masu jiran shari'a ne. Da wuya a samu unguwar da ba ta san wani yaro da aka kai majistare aka ce a ajiye shi sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito, shekara ta zagayo iyayensa na kai masa abinci, fayil ɗin bai motsa ba. Randarmu ta cika ne saboda famfon gindinta ya toshe. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 aka biya musu tara. Aikin alheri ne, kuma waɗanda suka koma cikin iyalansu ba za su manta ba. Amma ƙa'idar Little ta nuna cewa idan yawan masu shiga da tsawon zamansu ba su canza ba, randar za ta koma inda take. Haka abin yake da ziyarar da manyan alƙalan jihohi ke kaiwa suna sallamar mutane. Da za a rage matsakaicin zaman jiran shari'a da kashi ɗaya cikin goma kacal, za a rage fiye da mutum 5,000, kuma ragin zai ɗore.

Akwai kuma wata karkata a tsarinmu da ta yi kama da jinkirin da na ambata a Ingila. Mafi yawan waɗanda ke tsare ana tuhumarsu ne da saɓa dokokin jiha, a kotunan jiha, amma gwamnatin tarayya ce ke ciyar da su tana biyan gandirobobi. Wanda ke turawa ba shi ke ɗaukar nauyi ba, don haka jinkirin bai taɓa aljihunsa. Gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, kuma gwamnan da ke shirin gina sabo ya kamata ya fara tambayar da aka yi a Teksas: su wane ne ke ciki, kuma me suke jira?

Dokokin da za su samar da amsar suna nan a rubuce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, ta ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda duk wata, ta kuma umarci shugaban hukumar gidajen yari ya riƙa miƙa wa manyan alƙalai, duk kwana 90, sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce idan gida ya wuce ƙarfinsa a sanar da babban jojin jiha cikin mako guda, ta kuma ba shugaban gidan ikon ƙin karɓar ƙarin mutane. Hukumar tana wallafa jimillar fursunoni a shafinta, maza nawa mata nawa, masu hukunci nawa masu jira nawa. Jimilla kaɗai ba ta isa a gina hasashe, sai an haɗa da ranakun da ke ƙarƙashinta: ranar da aka kama mutum, ranar da aka kai shi kotu, ranar da fayil ya tafi ma'aikatar shari'a da ranar da ya dawo, sau nawa aka ɗage zama kuma saboda me, rashin motar kai fursuna ne ko rashin zuwan mai gabatar da ƙara. Yawancin waɗannan ranaku an riga an rubuta su da biro a rajistar ƙofar Kurmawa da Goron Dutse da Kuje, da kuma a littafin rajistaran kowace kotu. Malamin ƙididdiga ɗaya daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, da ɗalibai kaɗan da izinin babban joji, za su iya kwashe na jiha guda cikin zangon karatu ɗaya, su nuna a wane mataki watannin ke salwanta.